Yadda Ake Ɗinka Lifidi a Kammala Shi Kafin Hawan Sallah

Lifidi sutura ce mai kauri da ake yi wa doki da mahayinsa. Ƙyalle biyu ake haɗawa, na sama da na ƙasa, a cusa audugar rimi ko audugar gona a tsakaninsu, sannan a bi da allura a ɗinke layi-layi har cushen ya zauna wuri ɗaya. A zamanin yaƙi aikinsa shi ne tsare kibiya da rage kaifin mashi da takobi. Yau kuwa ba a ganinsa sai a hawan Sallah, ko naɗin sarauta, ko tarbar babban baƙo, lokacin da 'yan lifida ke fitowa cikin ayarin sarki, su da dawakansu a lulluɓe da ja da baƙi da fari da rawaya.

Sana'ar ta daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. Arewacin Zamfara ma ƙasar barade ce. Alƙalawa, birnin Gobirawa da ya faɗi a 1808, ba shi da nisa da Shinkafi, kuma Namoda, wanda garin Ƙaura Namoda ya samo suna daga gare shi, yana cikin jarumawan da suka ci birnin. Kyaftin Kilafaton, Baturen Birtaniya da ya ratsa ta Zurmi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya dawo a 1826 ya ga 'yan lifidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Konya, ya kuma rubuta cewa sai mutum biyu sun ɗaga mahayi kafin ya iya hawa saboda nauyin kayan da ke jikinsa. Irin wannan ɗinki ya ratsa ƙasashe da dama: akwai shi a Borno da Bagarmi, da fadojin lamidai na arewacin Kamaru, da Dosso a Jamhuriyar Nijar, har zuwa Sudan, inda Turawa suka kwashe wasu bayan yaƙin Omdurman na 1898 suka kai gidajen tarihinsu.

Kayan sun kasu biyu. Na mahayi su ne bantan lifidi mai rufe mara da cinyoyi, da safa mai rufe ƙirji da baya, da kumakumi, sai kwalkwali da ake ƙawatawa da gashin jimina. Na doki kuwa akwai mai rufe ƙirji, da mai bin wuya, da babban mai sauka daga gadon baya ya lulluɓe kwiɓi da kuturi. Na doki ya fi cin kaya da lokaci, kuma shi ne ya fi ba maɗinki wahala, don haka a kansa wannan bayani zai fi tsayawa.

Lissafin lokaci

Mai ɗinkin lifidi yana fara lissafinsa ne daga ranar hawa, ya riƙa ja da baya. Ranar ba ta ɗaguwa. Idan riga ba ta samu ba ranar Sallah, mai ita zai sa wata ya tafi idi, amma dokin da aka tsara zai fito cikin 'yan lifida ba shi da abin da zai maye gurbin lifidinsa. A Amurka da Ingila ana baje kolin barguna masu irin wannan ɗinki a biranen Hustan da Bamingam, a rataye su a bango mutane su zagaya suna kallo. Lifidi kuwa a kan dabba mai rai ake nuna shi, tana tafiya, tana zufa, wani lokaci tana zabura saboda ƙarar bindiga. Saboda haka ɗinkin ƙarshe ba shi ne kammalawa ba. Sai doki ya sa shi ya yi kilisa, an ga inda ya matse da inda ya zame, an gyara, sannan a ce an gama.

Ga wanda ke nufin Ƙaramar Sallah, ya kamata sayen kaya da awo su ƙare tun cikin Rajab, watan azumin tsofaffi. Sha'aban shi ne watan cushe da ɗinki, domin aiki ne mai ƙura da bushe maƙogwaro, kuma mai azumi ba ya iya daɗewa a kansa da rana. Goman farko na azumi a naɗe bakin lifidi a kafa maɗaurai, goman tsakiya a yi gwaji da gyara. Goman ƙarshe a bar ta a sake. A lokacin duk wani tela da baduku ya nutse cikin ɗinkin Sallar jama'a, kuma wanda ya je neman a yi masa ɗan ƙaramin aikin fata a kwanakin nan zai sha jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani lissafi kuma da ake yawan mantawa. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, rimi kuwa yana bin rani da damina ne. 'Ya'yansa suna nuna su fashe a ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah a Nijeriya ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris, kuma haka za ta ci gaba da ja baya zuwa cikin hunturu. Ma'ana, a waɗannan shekaru sabuwar audugar rimi ba za ta riski aikin Ƙaramar Sallah ba. Sai dai a yi da ta bara, wadda aka tara aka adana a buhu a wuri busasshe. Wanda bai tanada ba, zai koma neman ta wurin masu katifa da matashi, a farashin da suka ga dama.

Kayan aiki

Audugar rimi ita ce cushen asali. Zarenta rami ne da shi a ciki, kuma yana da wani maiƙo a jikinsa, shi ya sa ba ta da nauyi kuma ba ta saurin shan ruwa. Waɗannan halaye biyu su suka sa ta dace da doki mai zufa. Tana da aibu uku da dole maɗinki ya san su. Tana da santsi, ba ta kama juna, don haka takan gangara ta taru a ƙasa idan ba a tsare ta da ɗinki ba. Idan ta tsufa takan karye ta zama gari. Na uku kuma shi ne mafi haɗari: wuta na kama ta nan take, shi ya sa a zamanin yaƙi ake harbin 'yan lifida da kibiya mai wuta. Kafin a yi aiki da ita sai an shanya ta a rana, an cire 'ya'yan da ɓawon da ke ciki, an buga ta da tsumagiya a cikin buhu ko ɗaki rufaffe har ta tashi. Ƙwaya ɗaya da aka bari tana isa ta jawo ɓera, kuma idan ta dace da inda sirdi ke dannawa za ta ji wa doki ciwo. Mai wannan aiki ya rufe hanci da baki da ƙyalle, kuma kada a kusanto da fitilar aci-balbal, ko murhu, ko taba.

Audugar gona ita ce ta biyu, kuma Zamfara ƙasarta ce. Jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya yi shekaru yana kwasar ta tare da gyaɗa zuwa kudu. Idan an gurje ta an cire angurya, aka shiɓe ta da baka, tana shimfiɗuwa lafiya kuma tana kama juna, saboda haka ta fi sauƙin ɗinki. Sai dai ta fi nauyi, kuma tana shan zufa ta riƙe. Ta fi dacewa da kayan mahayi da ƙananan sassa.

Wasu a yanzu suna sa soson katifa don gudun wahala. Aikin yana sauri, amma ba a yaba shi. Soso yana tsare zafi a jikin doki, ba ya kwanciya ya bi jikin dabba, kuma idan tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake yi ya manne.

Ƙyallen ciki, wato shafi, shi ke taɓa fatar doki. Ya zama na auduga zalla mai ƙarfi, saƙar gida idan an samu, ko akoko mai kauri. Yadin roba ba ya shan zufa kuma yana zamewa a kan gashin doki. Ƙyallen sama shi ne na ado: mulufi ja, da baƙi ko shuɗi na rini, da fari, da rawaya, wani lokaci a ƙara da karan-miski a inda ido zai fi sauka. Sauran kayan su ne zaren auduga mai kauri, da kakin zuma na murza zaren don kada ya tsinke ko ya ƙulle, da dogayen allurai, da basilla, da almakashi, da alli, da siririyar sanda mai santsi ta tura cushe, da jan fata daga wurin dukawa.

Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin yankin, kuma ana samun yadi da fata da zare a Ƙaura da Gusau. Amma halin tsaro ya sa ba a dogara da cewa hanya ko kasuwa za su kasance a buɗe ranar da ake bukata. A 2021 gwamnatin jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Hikima ita ce a sayi komai a tafiya ɗaya, da ɗan ƙari a kan abin da aka auna. Wani dalilin kuma shi ne jan da aka saya yau ba lallai ya zo daidai da jan da za a samu bayan wata guda ba, kuma a hasken rana bambancin yana fitowa fili.

Duk ƙyallen da za a yi aiki da shi a wanke shi tun kafin a sa masa almakashi. Sabon akoko yana ɗauke da sitaci kuma yana tsukewa a wankin farko. Ja da shuɗi kuwa a gwada su: a jiƙa gefe a goga a kan farin ƙyalle. Idan ya zuba, a ci gaba da ɗauraya har ruwan ya fita garau, in ya ƙi a canza shi. Zufar doki tana da gishiri, kuma ja mai zuba zai ɓata duk farin da ke maƙwabtaka da shi a hawa ɗaya.

Awo da yanka

Ana auna dokin da zai sa lifidin, da sirdinsa a ɗaure a baya. Awon wani doki ba ya yi, ko da ana ganin tsayinsu ɗaya. A auna daga inda wuya ya haɗu da baya zuwa gindin wutsiya, daga gadon baya zuwa inda ake so ya tsaya a gefe, faɗin ƙirji daga kafaɗa zuwa kafaɗa, da tsawon wuya da kaurinsa a sama da ƙasa. A yi alamar inda majayi ke wucewa da inda igiyar likkafa ke sauka, domin nan za a bar tsaga. Lifidin yaƙi yakan sauka ƙasa sosai don ya kare ƙafafu. Na hawa gara ya tsaya a wajen gwiwa, yadda doki zai ɗaga ƙafa ba tare da ya taka bakinsa ba.

Kafin a yanka yadi mai tsada, a fitar da fasalin a kan tsohon buhu ko takardar siminti, a ɗora wa doki a gani. Sannan a yi yanka da ƙari, domin ɗinkin cushe yana cin ƙyalle. Kowane layi da aka ja yana tattaro yadin kaɗan, kuma idan layukan sun yi yawa abin da ya tsuke yakan kai taƙi ko fiye a babban sashe. Hanyar sanin gaskiyar abin ita ce a ɗinka ɗan gwaji mai kamu ɗaya a kowane gefe, da irin cushen da tazarar layin da za a yi amfani da su, a sake auna shi bayan an gama. Abin da ya ragu a kamu ɗaya shi za a lissafa a kan dukan tsawon. Rabin yini wannan gwaji ke ci, kuma shi ke hana a wayi gari da lifidin da bai rufe kuturi ba. Ƙari ana iya datse shi, gajarta kuwa sai da maho, kuma maho a lifidi ba ya ɓoyuwa.

Haɗa fuska

Fuskar lifidi yawanci ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa uku ko huɗu, ana jera su launi na bin launi. A yanka su duka da ma'auni ɗaya na kwali ko gwangwani, a bar bakin ɗinki daidai wa daida. A fara haɗa su jeri-jeri, sannan a haɗa jeri da jeri, ana kula kusurwoyi su haɗu. Wannan shi ne wurin da keken ɗinki ke da amfani, kuma babu aibi a yi da shi. Abin lura shi ne daga nesa ake kallon lifidi, cikin ƙura da cunkoso. Manyan gidaje masu launi mai ƙarfi sun fi fitowa a kan ƙananan da suka ci mako biyu ana haɗawa. Gefen dama da na hagu kuma su zo iri ɗaya, domin mai kallon doki ta gaba yana ganin su tare.

Cushe da ɗinki

Nan ne ainihin sana'ar, kuma hanya biyu ce, gwargwadon abin da za a cusa.

Idan audugar gona ce, sai a shimfiɗa shafi a kan tabarma a wuri mai faɗi, a ja shi ya miƙe a danne gefunansa. A baza shiɓaɓɓiyar auduga a kai sannu a hankali, ana shafawa da tafin hannu don a ji inda ya yi tudu da inda ya yi rami. A ɗora fuskar a sama. Sai a yi ɗinkin riƙo da manyan taku, daga tsakiya zuwa kowane gefe, don kada sassan uku su goce wa juna. Bayan nan a zana layukan da alli a fara ɗinkin gaske, shi ma daga tsakiya zuwa waje. Wanda ya fara daga gefe zai kora yadin zuwa ciki, ya tarar da ƙullutu a tsakiya wanda ba shi da inda zai tura shi.

Idan audugar rimi ce, ba ta yarda a shimfiɗa ta haka, iska kaɗan ta isa ta watsa ta. Sai a fara haɗa fuska da shafi da dogayen layuka, a bar hanyoyi a tsakaninsu masu faɗin yatsa biyu zuwa uku, baki ɗaya a buɗe. A riƙa ɗibar rimin kaɗan-kaɗan ana turawa da sanda har ƙarshen hanya. Babban kuskure a nan shi ne tura dunƙule babba don a yi sauri: zai tsaya a rabin hanya, ya bar bayansa fanko. Idan an cika kamar taƙi ɗaya, a gitta ɗinki a rufe wannan gida, sannan a ci gaba. Wannan gittawa ita ce ke raba aiki mai kyau da na ganin ido. Hanyar da ta miƙe daga sama har ƙasa ba tare da an datse ta ba, rimin cikinta zai gangara da girgizar tafiya, bayan hawa biyu ko uku a ga saman lifidi ya zama ƙyalle zalla, ƙasansa ya kumbura kamar buhun gero.

Taurin cushe yana da iyaka. Na mayaƙan da ana danna shi ƙwarai domin ran mutum ne a ciki. Na hawa ba ya bukatar haka, kuma tausayin doki ya hana. Gwajin da ake yi shi ne a matsa da yatsu biyu: kada yatsun su ji juna, kuma kada gidan ya ƙi lotsawa. A rage cushe a ƙarƙashin sirdi da inda cinyar mahayi ke kwanciya, domin kauri a nan yana ɗaga sirdi ya sa shi rawa, kuma yana hana doki jin ƙafar mahayinsa. A ƙirji da kuturi, inda ake son cika ido, ana iya ƙarawa.

Allura ta riƙa shiga a miƙe tana fita a miƙe, ta ratsa har shafi. Idan ta shiga a karkace, layin sama zai yi kyau, na ƙasa ya karkace, sassan su ja juna. Taku ya zama daidai, ba sai ya yi ƙanƙanta ba. Kada zare ya wuce tsawon hannu, kuma a ja shi har ya ɗan nutse cikin yadi ba tare da ya tattare shi ba. Kowane ƙulli a ɓoye shi cikin cushe. Ƙullin da aka bari a bayan shafi zai yi ta gugar fatar doki har ya zama miki. Masu sanin aiki idan aka miƙa musu lifidi, juya shi suke fara yi su duba bayan.

Idan mutum biyu ko uku ne ke ɗinki, kowa ya riƙe sashensa har ƙarshe, domin jan zaren hannu ɗaya ba ya zama daidai da na wani. Gefen dama da na hagu na babban sashe kuwa, gara hannu ɗaya ya yi su. Ana kuma auna cushen da za a sa wa kowane gefe tun farko, a raba shi biyu daidai. Lifidin da gefe ɗaya ya fi nauyi ba ya zama a bayan doki, komai ɗaurin da aka yi masa.

Baki da maɗaurai

Bayan an cire zaren riƙo, a shimfiɗa sashen a datse gefunansa su miƙe. A yi layi biyu kusa da juna a zagaye bakin don a kulle cushe, sannan a naɗe shi da dajiya ta ƙyalle mai ƙarfi ko ta jan fata. Inda bakin ya lanƙwasa, kamar wuya da tsagar likkafa, ƙyallen da aka yanka a karkace ya fi bin lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Ƙasan lifidi da tsagogi su ne ke fara mutuwa, saboda haka fata ta fi dacewa da su.

Maɗaurai su ne abin da aka fi yi wa gaggawa, alhali su ke ɗauke da nauyin duka. Ba a kafa igiya a kan yadi kai tsaye. Sai an sa ɗan guntun fata ciki da waje, a ɗinke igiyar ta ratsa duka da basilla. A sa su a ƙirji, da ƙarƙashin wuya, da ƙarƙashin ciki, da wajen wutsiya, kuma a yi su yadda mutum ɗaya zai kwance su da sauri idan doki ya faɗi ko wuta ta kama. Tuntaye da madubai da sauran kayan ƙawa su ne na ƙarshe. Idan lokaci ya ƙure, su ake bari. Ana iya rage adon fuska, ana iya fita da tsohon kwalkwali, amma ba a rage layin gittawa, ba a rage maɗauri.

Gwaji a kan doki

Dokin da bai taɓa sa lifidi ba yana tsoronsa. A fara kai masa shi turke ya shinshina. Kashegari a ɗora masa babban sashen kawai, a ja shi da ragama a zagaya gida. Sannan a ƙara na ƙirji da na wuya, sai a ɗaura sirdi, daga baya mahayi ya hau da nasa kayan. A yi haka da sanyin safiya ko bayan la'asar, kwanaki a jere, ana ƙara nisa, har a kai ga ɗan sukuwa idan dokin zai yi jafi.

Bayan kowace fita a cire kayan a duba wuri biyu. A jikin doki a nemi inda gashi ya murje, ko ya tashi, ko wurin da ya yi zafi fiye da sauran, musamman kan kafaɗa, da gindin wuya, da bayan ƙafafun gaba. A jikin shafi kuma a dubi sawun zufa. Idan ya bazu daidai a gefe biyu, zaman ya yi. Idan ya taru wuri ɗaya, nan ne ke dannawa, sai a farke gidan a rage cushe. A lura ko lifidin yana zamewa baya idan doki ya hau tudu, ko yana shaƙe shi idan ya sunkuyar da kai, ko yana hana kamazuru tafiya. Mahayi ma ya gwada ɗaga hannu da mashi, da juyawa, da sauka. Kowane gyara yana bukatar a sake fita a tabbatar, shi ya sa kwana goma ba su yi wa gwaji yawa ba.

Ranar hawa da bayanta

Doki da zufa yake sanyaya jikinsa, lifidi kuwa yana hana zufar bushewa. A shekarun da Sallah ke faɗowa cikin bazara, lokacin da zafi a arewacin Zamfara ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shayar da doki tun da wuri, a bar shi a inuwa, kada a sa masa kayan sai an kusa tashi, kuma da an sauka a kwance su. Dokin da ya fara haki ba ƙaƙƙautawa ko ya fara tangaɗi, a fitar da shi daga ayari a tuɓe shi a zuba masa ruwa. A jeri kuma a bar tazara tsakanin 'yan lifida da 'yan bindiga saboda tartsatsin albarushi. Ɗaya daga cikin masu rakiya ya riƙe allura da zare da igiyar ko-ta-kwana.

A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa, abin da ya ƙara jawo ido kan kayan doki na ƙasar Hausa. Masarautun Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi suna da nasu rabon a wannan gado. Ko a shekarar da rashin tsaro ya hana hawa, ya kamata a fito da lifidi a duba shi, domin a ajiye yake lalacewa fiye da a bayan doki.

Ba a tsoma lifidi a ruwa. Idan an dawo, a juya shafin sama a shanya shi har zufar ta bushe sarai, a kakkaɓe ƙura da tsumagiya, a goge tabo da ɗanyen ƙyalle. Fuskar kada ta daɗe a rana don kada ja ya koɗe. A naɗe shi sako-sako maimakon a ninke, domin ninki yana karya rimi a layi ɗaya. A rataye shi ko a ɗora a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, nesa da bango saboda gara, nesa da hatsi saboda ɓera, kuma a riƙa fito da shi yana shan iska a cikin damina. Duk inda zare ya tsinke ko gida ya saki, a gyara shi cikin makon da aka sauka, tun ana tune da wurin. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan kwana 70 ne kacal.